Kukan da Aka Sayar: Tunani a kan Faifan Farko na Nine Inch Nails

Masu iya magana sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Sai dai ba su faɗi abin da kukan yake zama ba idan aka kama kurciyar, aka sa ta cikin keji, aka kai ta kasuwa, mutane suka riƙa biyan kuɗi domin su ji tana kuka. Shin kukan yana nan jawabi, ko kuwa ya koma haja kamar goro da gishiri? Idan kuma an sayar da shi, na wane ne: na kurciya, na mai keji, ko na wanda ya biya? Wannan tambaya ta daɗe tana damun masu nazarin adabi da kiɗa, kuma akwai wani faifai da ya fito a Amurka ran 20 ga watan Oktoba 1989 wanda tarihinsa ya tattara ta wuri guda. Sunan faifan Pretty Hate Machine, wato kyakkyawar na'urar ƙiyayya, kuma shi ne na farko da ƙungiyar Nine Inch Nails ta fitar. Ba lalle ba ne mai karatu ya taɓa jin sa, ba lalle ba ne kuma kunnensa ya so shi idan ya ji. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya kansa shi ne, wani saurayi ɗan shekara 24 ya zuba baƙin cikinsa cikin waƙoƙi goma, baƙin cikin nan ya mai da shi attajiri, daga baya kuma aka jinginar da shi wajen masu ba da bashi kamar yadda ake jinginar da gona.

Inda kiɗan ya samo asali

Bahaushe ya san kiɗan sana'a tun kaka da kakanni: maƙera suna da dundufa, mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma. A cikin wannan tsari kiɗa yana rakiyar aiki ne, yana ƙarfafa hannun mai yi, yana kuma kiran sunansa da na iyayensa. Abin da Turawa suka kira kiɗan masana'antu ya bi wata hanya dabam, domin a cikinsa ƙarar aikin ita kanta aka ɗauka aka mai da kiɗa: bugun guduma, kukan inji, gurzar ƙarfe da ƙarfe.

Tunanin ya girmi sunan. A 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta takarda yana kira ga makaɗa da su buɗe kunnuwansu ga hayaniyar birni da ta injuna, har ma ya ƙera wasu akwatuna masu fitar da irin wannan amo. A 1948, a gidan rediyon Faransa da ke Paris, Pierre Schaeffer ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa ya yanyanka ta, ya harhaɗa, ya gabatar da ita a matsayin kiɗa. Sunan kansa kuwa ya fito ne daga Ingila, inda ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa kamfanin faifai mai suna Industrial Records a 1976. A 1980, a Barlin ta Yamma, ƙungiyar Einstürzende Neubauten ta fara kiɗa da tarkacen ƙarfe da injin huda bango. A cikin shekarun 1980 ne wasu ƙungiyoyi irin su Ministry ta Chicago da Skinny Puppy ta Kanada suka haɗa wannan hayaniya da gangar lantarki da jita, har aka sami abin da ake kira rok na masana'antu.

Abin lura a nan shi ne lokacin. Wannan kiɗa ya bunƙasa ne daidai sa'ad da masana'antun Ingila da na arewacin Amurka suke rufewa. Waɗanda suka yi shi galibi ba leburorin maƙerar ƙarfe ba ne. Ƴaƴansu ne da maƙwabtansu, waɗanda suka tashi suka tarar da bututun hayaƙi a tsaye amma wuta ta mutu. Saboda haka babu kirari a cikinsa, babu yabon mai aiki. Ya fi kama da makoki.

Mai shara da rana, makaɗi da dare

An haifi Trent Reznor a 1965 a jihar Pennsylvania, ya tashi a ƙaramin garin Mercer hannun kakanninsa na wajen uwa bayan rabuwar iyayensa. Garin bai da nisa da Youngstown, inda a watan Satumba 1977 wani babban kamfanin ƙarfe ya ba da sanarwar rufe masana'antarsa, ma'aikata wajen 5,000 suka rasa abin yi. Tun yana yaro ya koyi fiyano, ya shiga jami'a karatun kwamfuta, bayan shekara ɗaya ya bari ya tafi Cleveland neman sa'a a kiɗa. Birnin nan shi ma yana cikin dakushewa: mutanensa sun haura 900,000 a 1950, amma a 1990 da ƙyar suka wuce 500,000, kogin da ya ratsa shi ya taɓa kamawa da wuta a 1969 saboda man da masana'antu ke zubawa ciki, a 1978 kuma hukumar birnin ta kasa biyan bashin da ake bin ta.

A can ya sami aiki a wani ɗakin ɗaukar murya mai suna Right Track, yana taimakon injiniya, yana kuma shara da goge ƙasa. Mai wurin ya yarje masa ya yi amfani da na'urori a sa'o'in da babu kowa, ba tare da biya ba. Da yake bai sami abokan kiɗa da suka gamsar da shi ba, sai ya ɗauki kusan dukkan aikin shi kaɗai, da kwamfutar Macintosh da na'urar da ke tsinto amo ta adana shi ta maimaita. Ƙungiya ce a suna, amma a lokacin mutum ɗaya ne. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa da farko ya gwada rubuta waƙoƙin siyasa irin na ƙungiyar The Clash, ya ga ƙarya yake yi wa kansa, domin ba abin da ke cin zuciyarsa ba ke nan. Sai ya koma ga littafin da yake rubuta asirin ransa ciki, wanda bai taɓa nufin kowa ya gani ba, ya ciro baitocinsa daga nan.

Da kamfanin TVT na New York ya ɗauke shi, an gama faifan da taimakon masu tsara sauti huɗu, Flood da John Fryer da Adrian Sherwood da Keith LeBlanc. Abin da ya fito ya ba tsofaffin masoya kiɗan masana'antu haushi, domin akwai amshi da ake iya rerawa, akwai kiɗan da ake iya takawa, hayaniyar kuma an yi mata linzami. Waƙar da ta buɗe faifan tana ɗaukar kuɗi a matsayin gunki, mai waƙar yana ƙin durƙusa masa. Ta biyu ƙorafi ce mai zafi da aka fuskantar ga Mahalicci. Sauran suna zagaye ne a kan ƙauna da ta lalace, sha'awa da kunya, da ƙin kai. Sunan faifan da kansa ya faɗi abin da ke ciki: ƙiyayya ce, amma an gyara ta ta yi kyau, kuma na'ura ce ke fitar da ita.

Tuhuma ta farko: munafunci

Faifan ya yi sama da shekara biyu cikin jerin waɗanda aka fi saye a Amurka, kuma a 2003 aka tabbatar an sayar da kwafi miliyan uku. Daga nan tuhuma ta farko ta taso. Mutumin da ya buɗe baki da zagin gunkin kuɗi, ga shi gunkin ya cika masa aljihu. Kamfanin da ya buga faifan kuwa ya fara arzikinsa ne da sayar da tarin kiɗe-kiɗen buɗe shirye-shiryen talabijin, wato ba gidan masu tawaye ba ne ko kaɗan. Mai tuhuma zai ce: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda kuma ya karɓi kuɗin kasuwa ya rasa bakin zagin kasuwa.

Wannan magana tana da malamai a bayanta. A littafin da suka fitar a 1947, Theodor Adorno da Max Horkheimer sun yi bayanin abin da suka kira masana'antar al'adu. A ganinsu, a zamanin jari-hujja ana ƙera waƙa da fim kamar yadda ake ƙera mota, kuma tsarin yana da cikin da zai haɗiye har mai adawa da shi, ya naɗe adawar cikin leda ya sayar wa waɗanda ke jin haushi. Saurayi ya sayi faifan, ya yi ihu cikin ɗakinsa, ya huce, gobe ya koma bakin aiki yana mai biyayya. Idan haka ne, fushin da ke cikin faifan man shafawa ne da ke hana injin tsayawa.

Tarihin faifan ya ba wannan ra'ayi hujja mai nauyi. Haƙƙin mallakar sautin yana hannun kamfani ne, ba hannun wanda ya yi kukan ba. Kamfanin ya jinginar da haƙƙin wasu faya-fayansa domin karɓar bashi, wannan yana ciki. Da biya ya gagara, masu bashi suka sa shi kasuwa a 2005. A 2008 kamfanin ya karye. A 2010 wani kamfani dabam, Bicycle Music, ya saye haƙƙin, sa'an nan aka gayyaci Reznor ya sa hannu a gyaran sautin domin sabon bugu. Wato shafukan littafin asirinsa sun yi shekara ashirin suna yawo daga hannun ɗan kasuwa zuwa hannun mai ba da rance, shi kuwa yana kallo daga waje.

Amma akwai bambancin da mai tuhuma ya tsallake, shi ne bambancin da ke tsakanin karɓar lada a kan kuka da yin kuka domin lada. A 1866 Dostoyevski ya yi shiftar wani littafinsa cikin ƙasa da wata ɗaya domin ya tsira daga wata muguwar yarjejeniya da mai buga littattafai, Balzac kuma ya ƙare rayuwarsa yana rubutu masu bashi na buga masa ƙofa. Babu mai hankalin da zai ce talauci da kwaɗayin da suka zana ƙarya ne domin an biya su. Kuɗi ba ya komawa baya ya ƙaryata ciwon da ya riga shi zuwa. Mai sharar Cleveland bai san zai sayar da kwafi dubu ba, balle miliyan, a daren da yake rera waƙoƙin nan shi kaɗai.

Inda ake gane gaskiyar mai fasaha shi ne a karo na biyu, ranar da mai saye ya dawo ya ce a ƙaro masa irin na jiya. A nan ne kurciya kan koyi yin kuka da an nuna mata tsaba. Reznor ya faɗa rikici da kamfanin a kan yadda aikinsa na gaba zai kasance, ya ƙi miƙa musu sabon abu, ya riƙa ɗaukar waƙoƙi a ɓoye da sunayen aro, har a 1992 ya fitar da Broken, wanda ya fi na farko kaushi nesa ba kusa ba. A 2007 ya fito fili ya soki tsadar da aka sa wa faifansa a Ostareliya, ya rabu da babban kamfanin da yake tare da shi, a 2008 kuma ya saki wani faifai kyauta a intanet. Wannan ya isa shaida cewa ƙin da ya rera a 1989 ba na baki ba ne kawai. Duk da haka, adalci ya sa a faɗi sauran: gudun da ya yi daga ƙaramin kamfani ya kai shi ne hannun wanda ya fi shi girma, Interscope, faifan fushin nan na 1992 kuma ya jawo masa lambar yabo ta Grammy. A 2011 ya karɓi Oscar tare da Atticus Ross saboda kiɗan fim ɗin da aka yi a kan kafuwar Facebook, a 2020 kuma aka shigar da ƙungiyarsa zauren girmama makaɗan rok, wanda yake a Cleveland, garin da ya yi shara. Adorno bai yi kuskure ba game da faɗin cikin kasuwa. Kuskurensa shi ne zaton cewa abin da kasuwa ta haɗiye ya daina aiki a zuciyar mai saurare.

Tuhuma ta biyu: guba

Tuhuma ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ba ta damu da ko kukan gaskiya ne ba. Tana cewa: a bar shi gaskiya ne, to, wa ya halatta wa mutum ya zuba ɗacin ransa a rijiyar da dubban matasa ke sha? Bahaushe ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, yana nufin akwai abin da mutum kan haɗiye saboda kunya da kare jama'a. A wannan tarbiyya haƙuri ado ne, fallasa kai kuma aibi ne. Wanda ya tashi cikinta zai ga faifan nan a matsayin rashin ta ido da aka yi wa ganga.

Gardamar tsohuwa ce. Aflatun ya so a kori mawaƙa daga birnin da ya tsara, saboda a ganinsa suna shayar da ɓangaren rai da ya kamata a bar shi da ƙishirwa; wanda ya saba kuka a gidan wasa zai zama mai raki a gidansa. Almajirinsa Aristo ya saɓa masa, ya ce wasan ban tausayi yana tayar da tsoro da jinƙai ne domin ya wanke su daga zuciya, kamar yadda magani ke tayar da ciki domin ya fitar da cuta. Tun daga lokacin kotuna da iyaye suke kai da kawo tsakanin malamin da almajirin. A 1857 kotun Paris ta ci tarar Baudelaire, ta hana buga waƙoƙi shida daga cikin Les Fleurs du mal, ba a ɗage hukuncin ba sai 1949. Yau littafin yana cikin abin da ake karantarwa a lise. A 1995 wasu ƴan siyasar Amurka suka matsa wa kamfanin Time Warner lamba saboda waƙoƙin da Interscope ke fitarwa, har da na Nine Inch Nails, kamfanin kuma ya sayar da hannun jarinsa a wannan shekara. A 1999, bayan ɗalibai biyu sun harbe ƴan uwansu 12 da malami ɗaya a makarantar Columbine, an ɗora wa makaɗan rok na masana'antu wani kaso na laifin.

Binciken masana halayyar ɗan Adam ya ba kowane ɓangare wani abu. A 2002 Brad Bushman ya nuna cewa mutanen da aka fusata, sa'an nan aka sa su dukan buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, sun fi zafin rai daga baya a kan waɗanda aka bari suka zauna shiru. Wato ihu kawai ba ya kashe wuta, hura ta yake yi. Amma a 2015, a jami'ar Queensland ta Ostareliya, Leah Sharman da Genevieve Dingle sun gwada mutum 39 masu son kiɗa mai tsanani: bayan an tayar musu da fushi, sauraren kiɗan da suka zaɓa bai ƙara musu fushin ba, ya ma taimaka musu suka daidaita. Gwajin ƙarami ne, kuma a kan waɗanda suka riga suka saba da kiɗan aka yi shi, don haka ba za a gina masa soro a kai ba. Sai dai idan aka jera binciken biyu, wani abu yana bayyana. Dukan buhu maimaita fushi ne tsirara. Waƙa kuwa, ko mai hayaniya ce, fushi ne da aka auna: yana da farko da ƙarshe, yana da ma'auni da amshi, dole ya jira ganga kafin ya yi magana. Wanda ya zauna wata da watanni yana gyara daƙiƙa huɗu na sauti ba ya cikin halin wanda ya ɗauki taɓarya. Aikin tsarawa shi kansa wani nau'in haƙuri ne, ko da abin da ake tsarawa rashin haƙuri ne.

Duk da haka bai kamata a wuce gona da iri a ce waƙa magani ce ba. Shi mai faifan bai warke da ita ba. A cikin shekarun 1990, lokacin da sunansa ya fi tashe, giya da hodar ibilis sun kusa hallaka shi, bai rabu da su ba sai 2001, bayan ya kwanta jinya. Mutumin da ake biya kowane dare ya hau dandali ya sake buɗe gyambonsa yana cikin haɗarin manta yadda ake barin gyambo ya rufe. A nan Aflatun yana da gaskiya, amma gubar ta fi cin mai dafawa a kan mai sha.

Akwai kuma batun waƙar da ke ƙorafi ga Mahalicci, wadda mai imani ba zai ji ta ba tare da ƙyama ba, kuma ba a neman ya ji daɗinta. Malamai sun bambanta kai kuka ga Allah da kai ƙarar Allah ga bayinsa. Na farko halin Annabi Yakubu ne, alaihis salam, lokacin da ya rasa ɗansa, na biyu kuwa abin zargi ne. Waƙar ta fi kusa da na biyu, babu amfanin yi mata kwaskwarima. Abin da mai tarbiyya zai lura da shi kawai shi ne, wanda ke jayayya da sama bai yanke ƙauna da cewa akwai mai ji ba. Matashin da ya fi ban tsoro shi ne wanda ya daina magana da kowa, sama da ƙasa.

Na wane ne kukan?

A 1989, lokacin da ake ɗaukar hoton bidiyo na ɗaya daga waƙoƙin faifan a Chicago, an shafa wa Reznor garin sitaci ya kwanta kamar gawa, aka ɗaura kyamara a jikin balan-balan domin ta ɗauko shi daga sama. Igiya ta kuɓuce, iska ta tafi da kyamarar har jihar Michigan, inda wani manomi ya tsince ta a gonarsa ya kai wa ƴan sanda. Hukumar FBI ta ɗauki lokaci mai tsawo tana binciken kisan kai kafin a gane gawar tana raye tana kiɗa. Labarin abin dariya ne, amma ya yi daidai da karin maganar da ke cewa magana zarar bunu ce. Abin da mai fasaha ya saki ba ya hannunsa kuma. Zai sauka gonar wanda bai sani ba, a karanta shi yadda bai nufa ba.

Sai dai kuka yana barin mai shi ta hanya biyu, kuma a rarrabe su ne amsar take. Hanya ta farko ita ce ta takarda da sa hannu, wadda ta kai faifan hannun masu ba da rance. Ta biyu ta bayyana a 2002, lokacin da Johnny Cash, tsohon mawaƙin karkarar Amurka, yana da shekara 70 kuma cikin rashin lafiya, ya ɗauki wata waƙa da Reznor ya fitar a 1994, ya rera ta da muryar mai bankwana da duniya. Ya rasu a shekarar da ta biyo. Reznor ya ce da farko ya ji kamar an shiga masa ɗaki, amma da ya ga bidiyon sai ya yarda cewa waƙar ta tashi daga tasa. A hanya ta farko an ƙwace masa abu ya ragu. A ta biyu an karɓe masa abu, abin kuma ya ƙaru, domin kukan saurayi mai shan ƙwaya ya zama kukan dattijo mai lissafin kwanakinsa.

Mai keji yana iya mallakar faifai, da haƙƙin bugawa, da ribar da ke fitowa, kuma dokokin kasuwa suna ba shi wannan ko an so ko an ƙi. Abin da ba ya iya mallaka shi ne abin da ke faruwa sa'ad da wani yaro a wani gari mai mutattun masana'antu ya ji muryar baƙo tana faɗin abin da shi ya kasa faɗa, ya gane ba shi kaɗai ba ne. Wannan ba ya shiga jingina, ba a kuma yin gwanjonsa. Saboda haka sayar da kuka bai mai da shi ƙarya ba, bai kuma mai da shi halal ba tare da sharaɗi ba. Sharaɗin yana kan mai kukan: kada ya ƙirƙiri ciwo domin ciniki, kada ya riƙe gyambo a buɗe domin masu kallo, kada kuma ya juya ɗacinsa ya zama kiran a cutar da wani. Faifan 1989 ya tsallake na farko da na uku, domin yawancin ƙiyayyar da ke cikinsa mai ita take ci. Na biyun ne ya kusa kashe mai shi.

Abin da ya rage ga mai koyarwa

Da wuya malamin kwaleji a Maraɗi ko Damagaram ya tarar da wannan faifai a jakar ɗalibinsa. Abin da zai tarar, ko ba daɗe ko ba jima, shi ne littafin: shafin ƙarshe na kayen lissafi cike da baitoci masu zafi a kan uba, ko a kan talauci, ko a kan yarinyar da aka aurar wa mai kuɗi, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Faransanci mai karyayyen nahawu, galibi da salon rap. Malamin yana da hanya uku. Yana iya yaga shafin ya kai yaron gaban darekta, sai yaron ya koyi ɓoyewa, fushin kuma ya nemi wata ƙofa. Yana iya yaba masa ya ce ya ƙaro, sai yaron ya koyi cewa ciwo ne jarinsa. Ko kuma ya zaunar da shi, ya karanta shafin har ƙarshe ba tare da ya ɗaure fuska ba, ya nuna masa inda ma'auni ya karye, da inda zagi ya tsaya a wurin da ya kamata hoto ya tsaya, ya ce masa ya je ya sake rubutawa ya kawo ran Litinin. Bayan an rufe littafin kuma, ya tambaye shi yadda gida yake.

Hanya ta uku ta fi sauran cin lokaci, kuma babu sufeton da zai ba da maki a kanta. Amma ita ce ta haɗa abin da Aristo ya gani da abin da Aflatun ya ji tsoro: tana ba fushi ma'auni, tana kuma tuna cewa ma'auni kaɗai ba ya warkarwa. Mai ɗakin ɗaukar muryar nan na Cleveland ya ba mai shararsa mabuɗi da sa'o'in dare, abin da ya biyo baya kuma duniya ta ji shi. Da a cikin shekarun da suka biyo an sami mai yawan tambayarsa yadda ya kwana, wataƙila da bai jira har 2001 ba kafin ya nemi lafiya.